Bencin Baba Jibi

Zuwa ga uwar 'ya'yana, abokiyar gardamata,

Sallama irin ta masu kewar juna. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya jikin Yaya? Ƙafar ta fara ɗaukarta, ko har yanzu ke ce sandarta? Ki duba mini ita da kyau, ki kuma gaya mata mai shekaru irin nata ba ya hawa kujera don kakkaɓe yanar gizo-gizo. In kuma dole sai ta hau, ta hau wadda na yi.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. A waya ke ce mai magana, ni kuwa mai cewa "to". A takarda ne kaɗai nake kai aya ba a tare ni ba. Direban motar safe ya ce zai miƙa miki hannu da hannu.

Gida lafiya lau, maigidan ne dai ya kasa zama. Likita ya ce in huta, na kuwa gwada, Allah shaida. Na zauna a falo, falon ya ishe ni. Na koma ƙofar gida, ita ma ta ishe ni. Na ba shuke-shukenki ruwa har suka fara neman ceto. Hannun dama yana nan da rawarsa, ko cokali sai na lallashe shi yake kaiwa baki. Kafin hantsi ya dubi ludayi sai in tsinci kaina a shago, a kan bencina, ban san lokacin da ƙafafu suka yanke shawara ba.

Shagon ne nake so in ba ki labarinsa, domin Autarki na neman ƙara mini hawan jini. Kin tuna sharaɗin da ta gindaya ranar da ta bar ofishinta a kamfanin katifa ta karɓi makulli daga hannuna. Ta ce, "Baba, benci naka ne, hira taka ce. Amma baki ɗaya ne zai ba mai kaya rana, shi ne nawa. Ran da ka ba wani rana, ran nan ka karɓi makullinka." Na yi dariya na ce na ji. Na ɗauka irin sharaɗin da yara ke yi ne kafin su sha magani. Ashe har zuci take nufi. Manajan nata kuma, mai kan ƙwai, har yanzu bai ba kowa teburinta ba, yana ta bugo waya yana tambayar ko ta gaji da haɗiyar ƙurar soso.

Da za ki leƙo shagon yau, ba ki gane shi. Kujerun mutane da muke jibgewa wata kan wata, yanzu sun yi layi a jikin bango kamar masu jiran ganin likita. Wadda ta fara zuwa ita ce a gaba. Dogo ya gyara katako, Tela ya ɗinka riga, a ɗora soso, a buga ƙusa, ta fita, ta bayanta ta matso. Ko kujerar wane ne, ba ta tsallake layi. A zamanina kujerar wanda ya fi ɗaga murya ita ce a gaba, ba mu kuma kwana da yunwa ba.

Shekaranjiya wani mutum ya zo da doguwar kujera mai cin mutum uku a bayan mota. Katako mai kyau, aikin da hannu ke marmari. Ya tambayi yaushe. Auta ta dubi layi, ta auna shi da ido, ta ce mako uku. Mutumin ya ce ya yi nisa. Ta ce, "Gaskiya ya yi nisa, ranka ya daɗe. In kana sauri, akwai wani a bayan tasha, aikinsa ba laifi." Ta yi masa kwatance, har da inda zai sha kwana. Ina zaune ina kallon abinci yana barin ƙofarmu a kan taya huɗu, na danne harshena da 'yan haƙoran da suka rage mini.

Maigidana da ya koya mini sana'ar nan, Allah ya jiƙansa, yakan ce mai neman na kansa yana buƙatar zaƙin baki, da ƙafar da ba ta gajiya, da zuciyar da asara ba ta firgita ta. Amma gaba da komai, kada ya bari kaya su koma kan mota. Kujera in ta taɓa ƙasa, taka ce. Ka sauke ta tukuna, ka ba mai ita wurin zama, ka tambayi iyalinsa, ka ce masa jibi. Da kalmar nan na ciyar da ku, na sa yara a makaranta, har ita mai layin. Da ita na samu sunan da duk unguwa ke kirana, Baba Jibi, ban kuwa taɓa jin kunyarsa ba. Jibina ba ƙarya ba ce, gaisuwa ce. In aka ce maka ina gajiya ka ce ba gajiya, alhali bayanka kamar zai tsinke, wa ka cuta? Mai kujera ya san jibi mako biyu ne, ni ma na sani. Ya zo mu yi ɗan faɗa, in sa a kawo shayi, ya tafi yana dariya.

Na gaya wa Auta haka. Ta ce, "Baba, waɗanda suka dawo shan shayi ka sani. Waɗanda ba su dawo ba fa?" Kin ji 'yarki. Bakinki ta ɗauko, ba ragi.

Ki riƙa cin abinci, kada jinya ta ramar da ke. Dogo da Tela suna gaisuwa.

Naki kullum,
Mijinki, tsohon mai kushin.

* * *

Zuwa ga mai ɗakina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mai jiki. Na ji daɗin saƙonki ta bakin direba, cewa Yaya ta taka daga gado zuwa ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi. Ya kuma isar da ɗaya saƙon, cewa in kama bakina. Saƙon ya makara da kwana guda.

In a tsaye kike, ki nemi wuri ki zauna.

Jiya Auta ta tafi sayo soso. Dogo yana baya yana fama da zarto, Tela kuwa kin san shi, in ya duƙa a kan keke ko gini ya rushe ba ya ɗagowa. Sai ga wani matashin magidanci, mai aski, ya tsaya da motar haya. Ya daɗe yana aski a ƙarƙashin wani, yanzu ya kama ɗan shagon kansa kusa da mahaɗar titi. Ya ce matarsa ce ta yi wa wurin fenti da hannunta, da goyo a bayanta. Ya sayo tsofaffin kujerun aski biyu, irin masu juyawa, ledarsu ta tsattsage kamar bayan kada, da wata doguwa ta masu jira wadda sosonta ya zama gari. Da kin ga idonsa. Ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana magana yana duban hanya, yana shafa kujerun kamar mai shafa kan ɗansa. Na san idon nan. Na taɓa ganinsa a madubi lokacin da na kama shagona na farko, mai yoyo, wanda kike kawo robobi muna tare ruwa.

Ya ce, "Baba, yaushe zan samu?" Na dubi layin Auta, ya kai har bakin ƙofa. Na dubi direban motar hayar, ya riga ya koma ya kama sitiyari. Ban yi shawara ba, wallahi. Bakina ne ya riga ni, yadda ƙafa ke sanin hanyar gida ko mai ita na gyangyaɗi. Na ji wani ya ce jibi, na waiga, ashe ni ne.

Na sa direba ya bi ni gida. Na ce musu can ne ma'ajiyarmu, in an gama a zo shago a ɗauka. Yanzu haka kujeru uku suna ɗakinki. Kada ki miƙe. Na matsar da akwatunanki a hankali, na lulluɓe gado da tsohon zani, madubinki kuwa na juya shi ya dubi bango, kada ya ga abin da zai faɗa miki. Auta ta ɗauka hutu nake yi. Da ta biyo da abinci kafin ta wuce gidanta har yaba mini ta yi. A ƙofar falo na tare ta.

Nufina in yi aikin da hannuna, ba a taɓa layinta ba, ba a ɓata wa kowa rai ba. In na gama in kai mata mai askin in ce, to ga wanda da kin tura bayan tasha. Sai dai hannun ya ƙi shiga shawarar. Na shimfiɗa leda, na ja layi da alli, na ɗauki almakashi. Alli ya yi gabas, almakashi ya yi kudu. Almakashin naki ne, na yadi, wanda kika hana kowa taɓawa. Zan kai a wasa miki shi. Ledar kujera guda na ɓata. Allura kuwa, ni da ita mun yi kallon-kallo har azahar, zare bai shiga ba. Na zauna, na tashi, na zagaya gidan, na dawo, kujerun suna nan sun wage baki suna dubana.

Ban damu sosai ba. Jibi ai jibi ne. Zai leƙo nan da mako guda, in ba shi haƙuri da labari, kafin nan na lallaɓi Tela ya taya ni a ɓoye ranar hutunsa. Abu ɗaya ne dai ya tsaya mini a rai kamar ƙashin kifi. Duk wanda na taɓa ce wa jibi, murmushi yake yi. Wani ya girgiza kai, wani ya ce Allah ya nuna mana. Wannan bai yi murmushi ba. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi godiya, ya juya ya ciro waya tun bai kai mota ba.

Kada ki gaya wa Auta. Sirrin miji da mata ne. Ki gaishe da Yaya.

Mijinki,
wanda likita ya ce ya huta.

* * *

Uwar 'ya'ya,

Gaisuwar yau a taƙaice take, ki yafe mini. Ina fatan kina lafiya, ke da mai jiki. Ni jikina lafiya. Saura kuwa ga shi.

Rana ba ta ƙarya. Jibi ya zo, mai aski ya zo tare da shi, da safe, da motar ɗaukar kaya, cikin sabuwar farar riga. Ina kan benci ko shayina ban kurɓa ba. Ya gaishe ni, ya shige wajen Auta, ya ce ya zo ɗaukar kujeru. Ta ce waɗanne? Ya nuno ni.

Ashe tun ranar da na ba shi rana ya yi sallama da maigidansa, ya kuma sanar da duk waɗanda yake wa aski cewa washegarin jibi su same shi a sabon wuri. Na taso na fara yi masa bayani a hankali, cewa jibin mai sana'a yana da ɗan faɗi. Ya dube ni, ba da raini ba. Da rainin ne da ya fi sauƙi. Ya ce, "Baba, ni jibi ɗaya na sani, wanda ke bin gobe. Shaguna biyu na wuce na zo nan, don an ce mini a nan in aka ce Talata, to Talata ce."

Kin ji inda na faɗi. Kakata tana da labarin wani tsohon zakara da ke cara duk lokacin da ya ga dama, har mutanen gida suka daina kula shi. Aka kawo sabo mai cara daidai da alfijir, mutane suka koma tashi da cara. Rannan tsohon ya ji marmari ya yi tasa, gida kaf aka ɗauki fartanya aka nufi gona cikin duhu. Takan tsaya a nan ta tambaye mu, laifin wa? Mukan ce na sabon ne, shi ya koya wa mutane yarda. Sai ta yi dariya ta ce in mun girma ma ba ta amsa. To, shekaranjiya na girma.

Auta ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da na samu abin riƙewa. Ta ba mai aski wurin zama, ta ce mini, "Baba, mu je." Muka taka har gida, tana gaba ina baya kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Ta buɗe ɗakinki ta tsaya. Ta dubi soso a kan gado, ta ɗaga ledar da na yanka ta duba ta a haske, ta ninke ta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Almakashin Mama ne wannan."

Da muka koma ta gaya wa mutumin komai, ba ta rage ba. Ba ta kuma ce laifin tsoho ne ba. Cewa ta yi, "Shagonmu ya yi maka alkawarin da ba zai iya cikawa ba." Shagonmu, ta ce. Da ta ce babana da ya fi mini sauƙin haɗiya. Ta ce kujerun aski biyu za su fita washegari kafin la'asar, zai rasa safiyar farko, doguwar kuwa sai ta bi layi.

Don hakan ta yiwu, dole a ajiye aikin da ke kan gaba, na wata mata mai makarantar yara, wadda aka ba ranar da za ta karɓi kujerun ofishinta. Auta ta kira ta a gabanmu, ta faɗi gaskiya, ta roƙi alfarmar kwana biyu. Matar ta ce ita ma ta ɗora nata alkawarin a kan na Auta, a haɗa mata kayanta. Kafin azahar ta aiko mota. 'Yarki da kanta ta kama ƙafar kujera aka ɗora, ta haɗa musu da rigunan da Tela ya riga ya ɗinka. Tun da ta karɓi makulli ba ta taɓa saɓa rana ba sai wannan. Ni mai cewa kada a bar kaya su koma kan mota, ga kaya suna hawa mota, ni kuma na ɗora su ban ko taɓa su ba.

Kujerun askin sun fita a kan lokaci. Dogo da Tela a tsaye suka ci abinci. Da za a tafi, mai aski ya tambaya cikin jin nauyi, to masu jira fa, a ina za su zauna? Auta ta waiga, idonta ya sauka a kan bencina. Ina kai. Ta ce, "Baba, ɗan tashi." Na tashi. Dogo ya kama gefe, direba ya kama gefe. Inda aka ɗauke shi, ƙafafunsa sun bar ramuka huɗu a siminti. Ban taɓa lura da su ba.

Da aka zo rufewa ta ce za ta gama duk abin da ke layi, don ta ba masu shi rana. Ba za ta karɓi sabo ba. Ƙarshen wata za ta kawo mini makulli. Ta riga ta kira mai kan ƙwai.

Me zan yi da makulli, da hannun da ya kasa zura zare? Dogo da Tela suna da iyali. Sana'ar da muka taro ni da ke tun daga ruwan yoyo, ran da Auta ta fita ran nan ta mutu, sai dai a ɗauki lokaci kafin a binne. Na kasa zama, ba ni ma da inda zan zauna. A tsaye nake rubuta wannan, a bakin taga.

Kada ki kira ta. In kin kira ta, kada ki ce na ce kada ki kira.

Mijinki.

* * *

Zuwa ga matata,

Ina gaisuwa, ina kuma murna da jin Yaya ta ajiye sanda a cikin ɗaki. Na sha faɗanki a waya, na ce "to" yadda aka saba. Kin ce ba ki sa baki, wanda ya ɗaure shi zai kwance. Na ji.

Kullum ina zuwa shago. Dogo ya kifa mini bokitin fenti, a kai nake zama, gwiwoyi a haɓa, in ƙafa ta mutu in tashi in zagaya. Layi yana raguwa kamar sabulu a hannun yara. Masu kaya suna zuwa, Auta ta fito ta ba su haƙuri, ta yi musu kwatancen bayan tasha. Tana gaishe ni da safe, tana tambayar ko na sha magani, ba ta rage ladabi ko ƙwaya ɗaya ba. Ladabin ne ke cizona.

Na gwada ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba fushi nake ba, Baba. Soso kowa yana da shi, leda kowa yana da ita. Abu ɗaya nake sayarwa a shagon nan wanda na bayan tasha ba shi da shi. In ranata ba ta da tabbas, to ba ni da kaya." Na ce na daina, har abada. Ta yi murmushi. Na san murmushin. Shi ne wanda masu kujera ke yi mini in na ce jibi.

Jiya ƙafafu suka kai ni mahaɗar titi. Na ce da kaina duba aikin Tela zan yi, amma bencina na je gani. Yana nan, baƙi uku a kai, da wani yaro da ya hau da takalmi. Mai aski ya rantse sai ya rage mini suma, in dai zan bi layi. Na zauna a kan bencina a matsayin baƙo har aka zo kaina. Yana cikin yi mini, wani ya leƙo cikin sauri ya ce yanzu zai samu? Mai aski ya ce akwai mutane a gabansa, sai ya jira sosai. Mutumin ya juya ya tafi. Shagon da bai yi mako ba, ana barin kai ya fita da sumarsa. Na ce masa, ɗana, wannan bai ci maka rai ba? Ya ce, "Yana ci, Baba, ƙwarai ma. Amma in na zaunar da shi da ƙarya, sau ɗaya zan aske kan nan."

Ni duk a zatona 'yarmu ba ta jin zafin tafiyar ciniki, na ɗauka zuciyar 'yan ofis gare ta. Yau na zuba mata ido tana sallamar wata mai kujerun cin abinci. Fuska a sake, murya lafiya lau. Amma tef ɗin awo da ke hannunta, ta naɗe shi a yatsa har kan yatsan ya yi fari. Maigidana ya koya mini zuciyar da asara ba ta firgita ta, sai dai asarar da ta faɗo wa mutum yake nufi. Wadda mutum zai miƙe ya raka ta har bakin titi da kansa, wannan bai koya mini ba. Ina jin shi ma bai iya ba.

Wata yana ta tafiya. Ba na iya barcin rana, ba na iya karatu, rediyo ma surutu yake mini.

Naki,
mai zaman bokiti.

* * *

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Aminci ya tabbata gare ki. Yaya gajiyar jinya? Ki ce wa Yaya na ji ta fara faɗa da masu share mata ɗaki, alamar warkewa ke nan a danginku.

Kin san Mai Motoci, abokina tun yana da mota ɗaya mai hayaƙi, wanda duk kujerun motocinsa hannuna ne. Makon jiya ya zo da kansa da kujerun falonsa. Bai tambayi kowa ba, ya sa aka sauke su a ƙofa. Ya ce, "Jibi, ga aiki. Baƙi zan yi kwanan nan. Yaushe?" Ya kanne ido ɗaya, tun ban amsa ba ya fara dariya.

Ki duba jarrabawar. Kujeru sun taɓa ƙasa. Mutumin nan ya san jibina kamar yadda ya san aljihunsa, ɗan tsohon gida ne, carar tsohon zakara ba ta tashinsa. Ko na faɗa, ba wanda zai nufi gona cikin duhu. Auta tana can ciki tana taya Tela a kan keke. Kalmar ta hau harshena ta zauna, ta miƙe ƙafa.

Na ce, "Ba ni ke ba da rana ba yanzu." Ya ce to kira yarinyar. Na ce mai shagon ba ta karɓar sabon aiki, ko da tana karɓa, dubi abin da ke gabanka, ba ka samu sai baƙinka sun zo sun tafi. In kana sauri, akwai wani a bayan tasha, aikinsa ba laifi. Na yi masa kwatance, har da inda zai sha kwana.

Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya ce, "Tsufa ke nan. 'Yar da ka goya ta sa maka takunkumi." Na ce ƙwarai kuwa. Na kama ƙafar kujera da hannun hagu na taya su ɗorawa. Ya tafi ba sallama. Bai dawo ba, ban kuma sa ran zai dawo ba. An ce mini na bayan tasha ya ce masa jibi.

Da motar ta tashi sai na lura keken ɗinki ya yi shiru a ciki, ban san tun yaushe ba. Can ya ci gaba da aikinsa. Ba wanda ya fito. Abin ya ci mini rai yadda mai aski ya faɗa, ranar ko abinci ban iya ci ba.

Kwanaki suka wuce. Doguwar kujerar mai aski ta fita a ranarta, ya dawo da bencina da godiya. Yau na yi sammako don in zauna, wata saura ƙiris ya mutu, na ce ko ba komai in karɓi makullin a zaune. Ban ga benci a ƙofa ba, sai ramukan nan huɗu. Na shiga ciki. Yana jikin bango, a ƙarshen layi, a gabansa kuma wasu baƙin kujeru da ban san lokacin da suka shigo ba.

Na ce me bencina ke yi a nan? Ta ce, "Ƙafarsa ɗaya tana rawa, Baba. Kuma mai shekarunka ba ya zama a kan katako tsirara. Za a sa masa soso." Na ce yaushe? Ta dubi layi, ta auna shi da ido kamar yadda take yi wa kowa, ta ce tsakiyar watan gobe. Na ce, "Ai ƙarshen watan nan kika ce za ki..." Ta ce, "Na ba ka rana, Baba."

Kin dai san 'yarki. Ba ta ba da ranar da ba za ta kasance a wurin ba.

Na tsaya ina duban rufi har idona ya koma daidai. Sannan na ce, tunda na gida ne, ba dama a ɗan matso da shi gaba? Ta ce babu. Dogo ya kama tari a kan zarto, Tela ma, Tela fa, sai da ya ɗago.

Don haka ga ni a kan bokiti har tsakiyar watan gobe. Ban san jira yana da tsawo haka ba. Kullum sai na leƙa in ga ko layi ya motsa, in zagaya, in dawo in sake leƙawa. Masu kaya in sun zo ni ke tarbarsu, in tambayi iyali, in sa a kawo shayi, in aka zo maganar rana in nuna ƙofar ciki.

Ke kuma yaushe za ki dawo? Gidan ya yi mini yawa. Kin tambaya ta bakin direba yaushe zan kwashe sauran soso da ƙusoshi daga ɗakinki in juyo da madubi. Alƙalami ya kama hanyar da ya saba, na riƙe shi da hannu biyu. Aikin yana da yawa, bayana kuma ba na da ba ne. Ki ba ni mako guda.

Mijinki mai jiranki,
wanda har yanzu unguwa ke kira Baba Jibi.